Tabar Wiwi Tsakanin Doka da Al'umma a Nijeriya: Waiwaye Daga Ƙasar Birnin Gwari

Tsakure

Cikin kayan mayen da doka ta haramta a Nijeriya babu wanda aka fi sha kamar tabar wiwi, duk kuwa da tsananin hukuncin da aka tanadar wa mai nomanta da mai sayar da ita da mai shanta. Wannan maƙala ta bi diddigin matsayin tabar a ma'aunai uku da Bahaushe yake rayuwa a ƙarƙashinsu, wato dokar gwamnati da fiƙihun Musulunci da kuma hukuncin al'umma kamar yadda yake bayyana a harshe da mu'amala. An ɗauki ƙasar Birnin Gwari da dajinta a matsayin madubi, saboda yanki ne da hannun hukuma ya daɗe bai kai ko'ina a cikinsa ba. Maƙalar ta nuna cewa ma'aunan uku sun haɗu a kan hani, amma sun sha bamban wajen hukunci da wajen abin da ya kamata a yi da mashayi. A cikin wannan giɓi ne fataucin tabar yake bunƙasa, kuma a cikinsa ne ake rasa matasan da za a iya cetowa.

Fitilun Kalmomi: tabar wiwi, doka, fiƙihu, ƙyama, Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2019 aka fitar da sakamakon binciken farko da ya game ƙasa baki ɗaya a kan shaye-shaye a Nijeriya, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani nau'in kayan maye, ban da giya da sigari, a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu, kimanin miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha. A shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta masu shaye-shaye sun kai miliyan uku, wato kashi 12 cikin ɗari na mutanen da ke cikin waɗannan shekaru.

Waɗannan alƙaluma sun haifar da tambayar da ta shafi masanin shari'a da masanin al'ada baki ɗaya. Ta yaya abin da doka ta yi wa tanadin ɗaurin shekaru masu yawa, addini ya hana, al'ada kuma ta ƙyamata, ya zama ruwan dare? Amsar tana buƙatar a duba kowane hani shi kaɗai, a ga asalinsa da iyakar ƙarfinsa, sannan a ga yadda suke cuɗanya a wuri guda sananne.

2.0 Ƙasar Birnin Gwari da Dajinta

Birnin Gwari masarauta ce kuma ƙaramar hukuma a yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Tsohon Birnin Gwari, inda gadon sarautar yake tun asali, yana kan hanyar da ta nufi Funtuwa, yayin da sabon garin, mazaunin Mai Martaba Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, yake kan tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Legas wadda ta ratsa Tegina da Mokwa da Jebba. Ƙasa ce ta noma, musamman masara, kuma ƙasa ce ta zinariya. Tun zamanin Turawa ake haƙar ta a kewayen Tsohon Birnin Gwari, har yau kuma ramukan haƙa suna jawo matasa daga nesa.

A cikin wannan ƙasa ne dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe a matsayin gandun daji na En'e a shekarar 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita dubu ɗaya. Dajin ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Tun daga shekarun 2010 wannan sarƙaƙiya ta zama mafakar ɓarayin shanu, daga baya kuma ta 'yan bindiga masu garkuwa da mutane. Harin da aka kai wa ƙauyen Gwaska a watan Mayu na 2018, inda aka kashe mutane fiye da arba'in, da kafuwar 'yan Ansaru a gabashin masarautar wajen Damari da Kuyallo, sun nuna yadda ikon hukuma ya ja baya. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sanata Uba Sani ta ƙulla sulhu da wasu daga cikin 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan ta shafe shekaru a rufe.

Abubuwa uku ne suka sa yankin ya dace da wannan nazari: babbar hanya mai haɗa Kudu da Arewa, da wuraren aikin ƙarfi da ke tara matasa nesa da idon iyayensu, da kuma dajin da ɗan sanda ko jami'in kotu ba ya shiga.

3.0 Suna da Asali

Sunan da Hausawa suka ba wannan ganye yana ɗauke da tarihinsa. Kalmar taba ta daɗe a Hausa, kuma al'adar shanta da cinta da shaƙarta sananniya ce, har mata suna rina haƙora da furenta tare da goro. Da sabon ganyen ya zo, sai aka jingina shi ga abin da aka sani, aka ce tabar wiwi. Ita kuwa kalmar wiwi ta yi daidai da sunan da ake kiran ganyen da shi a Turancin buroka na gaɓar teku, a Gana ma ana ce masa wi. Wannan alama ce ta cewa daga Kudu kalmar ta hauro tare da hajarta. A Jamhuriyar Nijar ana jin sunan tabar Iblis, sunan da shi kansa hukunci ne. Masu sha kuwa sukan sakaya su ce ganye, domin wanda ba ya cikin harkar ya ɗauka ana zancen magani ko miya. Akwai ma kamanni na zahiri da ke taimaka wa sakayawar, domin ganyen wasu irin rama ya yi kama da na wiwi ƙwarai, har masana tsirrai suka raɗa wa rama suna daga wannan kamanni.

Likitocin ƙwaƙwalwa na farko a Nijeriya, musamman Tolani Asuni a 1964 da Adeoye Lambo a 1965, sun danganta yaɗuwar tabar da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Dubban 'yan Arewa sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka ratsa Indiya inda shan ganyen tsohuwar al'ada ce. Ko da yake tabar ta yi ɗaruruwan shekaru a Masar da gabashi da kudancin Afirka, a Afirka ta Yamma baƙuwa ce ta ƙarni na ashirin.

Wannan baƙunta tana da tasiri a kan yadda aka karɓe ta. Bahaushe ya san tsirrai masu juya hankali tun kafin zuwanta, irin su zaƙami, wanda ake kira haukata-yaro, kuma ya san giya da burkutu a wajen Maguzawa da maƙwabta. Sai dai wiwi ba ta samu gurbi a bukukuwa ko a wata sana'ar gado ba, kamar yadda goro ya samu a aure da suna. Ta shigo ne ta bariki da tasha da gidan kallo, don haka tun farko aka yi mata kallon kayan 'yan bariki.

4.0 Matsayinta a Dokar Nijeriya

4.1 Daga Mulkin Mallaka Zuwa Mulkin Soja

Haramcin tabar a Nijeriya ya riga yaɗuwarta. Yarjejeniyar Janiba ta 1925 ta sanya ta cikin kayan da ƙasashe za su sa wa ido, bisa matsin lambar wakilan Masar. A kan haka ne Turawan mulkin mallaka suka kafa Dokar Miyagun Ƙwayoyi ta 1935. Doka ce da aka yi domin cika alkawarin da Ingila ta ɗauka a waje, a lokacin da galibin talakawan Arewa ba su ma san ganyen ba.

Tsanani na gaske ya zo ne da mulkin soja. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa Dokar Soja mai lamba 19, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya noma tabar, da ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda ya sha ko aka same shi da ita. A ƙarƙashin wannan doka aka kama mawaƙi Fela Kuti a Legas a 1974. Gyaran da aka yi a 1975 ya sassauta hukuncin ƙwarai, har laifin mallaka ya koma na watanni ko tara. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake tsanantawa, ta kuma kafa Doka mai lamba 20 wadda a ƙarƙashinta aka harbe mutum uku a 1985 saboda safarar hodar Iblis da danginta. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta maye gurbin kisa da ɗaurin rai da rai a 1986, sannan a watan Disamba na 1989 ta kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA, da Doka mai lamba 48.

Abin lura a nan shi ne, kusan dukkan waɗannan dokoki umarnin soja ne. Ba a tattauna su a majalisa ba, balle a ji ta bakin sarakuna da malamai da iyaye. Hukuncin ya riƙa hawa da sauka gwargwadon halin wanda ke kan mulki.

4.2 Halin da Ake Ciki a Yau

Dokoki biyu ne ke aiki kafaɗa da kafaɗa. Tsohuwar dokar wiwi ta 1966, kamar yadda take a kundin dokokin tarayya na 2004, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara huɗu ba ga mai sha ko mai mallaka. Dokar NDLEA kuwa, a sashe na 11, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai noma ko sarrafawa ko fatauci, da ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mai mallaka ko sha. Sashen bai ambaci wiwi da suna ba. Ya lissafa hodar Iblis da wasu, ya ƙara da cewa da makamantansu. Lauyoyi sun yi ta kafa hujja da wannan, har Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okewu ta 2012 cewa tabar wiwi tana cikin makamantan da ake nufi.

Akwai kuma batun hurumi. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya ƙwayoyi da guba cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 251 kuma ya ba Babbar Kotun Tarayya ikon sauraron shari'arsu. Ma'anar wannan ga Birnin Gwari ita ce, wanda aka kama da ƙullin wiwi a Dogon Dawa ko Randagi, idan za a bi doka sau da ƙafa, sai an kai shi Kaduna, tafiyar da ta haura kilomita ɗari a kan hanyar da ta yi shekaru ba a binta sai da rakiyar sojoji. Doka mai nauyi haka, mai nisa haka, da wuya a ɗauke ta a kan kowane ƙaramin laifi. Abin da ya fi yawa shi ne a sasanta tun kafin a kai ga alƙali, mai hali ya fanshi kansa, marar hali ya kwana a ciki.

5.0 Matsayinta a Fiƙihu

Malaman Musulunci sun fara tattauna hukuncin hashish sosai ne a Masar da Sham tun wajen ƙarni na 13, lokacin da shanta ya yaɗu. Sun haɗu a kan haramcin duk abin da ke gusar da hankali, amma sun saɓa wajen rabe-rabe. Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 1285, ya bambance a littafinsa al-Furuƙ tsakanin abu uku: mai sa maye tare da nishaɗi da jin ƙarfi, kamar giya, da mai gurɓata hankali ba tare da wannan nishaɗi ba, da mai sa barci ya ɗauke ji da gani. Ya sanya hashish a kashi na biyu. Sakamakon haka a wurinsa ba najasa ba ce, kuma mai shanta ta'aziri za a yi masa, wato horon da alƙali ya ga ya dace, maimakon haddin bulala tamanin na mashayin giya. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya tafi a kan cewa maye take sawa kamar giya, don haka haddi ya hau kan mai shanta.

Wannan saɓani ya iso ƙasar Hausa ta littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaure. Ya kuma bambanta da muhawarar taba, wadda malamai irin su Ahmad Baba na Tambutu suka halatta a farkon ƙarni na 17 bisa hujjar cewa ba ta gusar da hankali. Wiwi ba ta taɓa samun irin wannan kariya daga wani sashe na malaman ƙasar Hausa ba. 'Yan ɗariƙa da 'yan Izala, duk da saɓaninsu a kan abubuwa da dama, bakinsu ɗaya a nan.

Da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da shari'a tun daga Zamfara a shekarar 2000, Kaduna kuma ta bi da nata tsarin a 2001, sai aka sami kotunan shari'a masu hukunta shan abin maye a yankunan Musulmi irin su Birnin Gwari, alhali hurumin ƙwayoyi yana hannun tarayya. Darasin da ke cikin ra'ayin al-Ƙarafi shi ne, ta'aziri yana ba alƙali damar duban mai laifi da halinsa, ya yi nasiha ko gargaɗi ko horo. Wannan sassauci ne da dokar tarayya, mai ƙayyade mafi ƙarancin ɗauri, ba ta bayar ba a rubuce.

6.0 Matsayinta a Idon Al'umma

6.1 Hukuncin Harshe

Hukuncin da ya fi saurin isa ga mashayi shi ne na baki. Da zarar an ce wane ɗan wiwi ne, ko ɗan shaye-shaye, ko ɗan ƙwaya, to an cire shi daga sahun mutanen kirki. Ba a karɓar maganarsa a zaman sulhu, ba a ba shi amana, kuma idan ya je neman aure binciken farko da dangin yarinya za su yi shi ne ko yana shaye-shaye. Idan mutum ya yi maganar da ba ta kan hanya, akan tambaye shi ko ya sha wiwi ne, ko da kuwa bai taɓa ganinta ba. Wato kalmar ta zama ma'aunin rashin hankali. Su kuwa mashaya suna da nasu ƙamus: naɗi da ƙulli da dila da caji, kalmomin da ke mayar da abin kunya ya zama harkar 'yan gari.

Tushen wannan ƙyama shi ne matsayin hankali da kunya da natsuwa a tunanin Bahaushe game da mutumin kirki. Wiwi tana taɓa dukkan ukun. Likitanci ma ya tabbatar da wani ɓangare na fargabar, domin yawan sha, musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, yana ƙara haɗarin kamuwa da taɓin hankali da kuma kasa dainawa. Nau'o'in da ake yayi yanzu, irin su Loud da Arizona da Colorado, sun fi na da ƙarfi, wasunsu ma haɗin sinadarai ne.

Ƙyamar ta fi tsanani a kan mace. Binciken 2019 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Nijeriya ɗaya mace ce, amma a ƙasar Hausa hayaƙi da warin wiwi ba sa ɓoyuwa a cikin gida. Wannan na cikin dalilan da suka sa mata suka fi karkata ga maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a watan Mayu na 2018.

6.2 Inda Ake Kawar da Kai

Duk da wannan hukunci, akwai wuraren da al'umma take gani ta yi kamar ba ta gani ba. A ramin haƙar zinariya, da wurin saran itace da ƙona gawayi, da tashar mota, da wurin lodin buhunan masara, ana ɗaukar shaye-shaye a matsayin abin da ke taimaka wa mai aikin ƙarfi ya jure. Mai ramin da ba zai ba ɗan wiwi 'yarsa ba, zai ɗauke shi aiki ba tare da tambaya ba. A lokacin zaɓe kuma sanannen abu ne yadda wasu 'yan siyasa ke tara 'yan daba da 'yan sara-suka, a sallame su da abin da kowa ya san inda zai tafi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Haka nan iyali sukan shiga tsaka mai wuya. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, saboda haka uba ba ya kai ɗansa ga hukumar da za ta iya ɗaure shi shekara goma sha biyar. Yakan ɓoye, ko ya nemi rubutu da addu'a, ko ya kai shi gidan mari. Samamen da 'yan sanda suka kai wani gida a Rigasa cikin Kaduna a watan Satumba na 2019, inda aka fito da mutane fiye da 300, wasunsu da mari a ƙafa, ya tona yadda iyaye suke neman mafita a inda babu asibiti. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa da hukumar da jihar ta kafa domin rigakafi da jinyar masu shaye-shaye, duk a Kaduna suke, nesa da ƙauyukan masarautar.

6.3 Wiwi da Daji

Rikicin 'yan bindiga ya ƙara wa tabar wani sabon tambari. Waɗanda suka kuɓuta daga hannun masu garkuwa sun sha ba da labarin yadda ake shan wiwi da tiramol a sansanoni, kuma NDLEA ta sha sanar da kama kayan maye da ta ce 'yan bindiga za a kai wa. Matakan da gwamnatin Kaduna ta ɗauka a 2021, na rufe kasuwannin mako da hana hawa babur da sayar da fetur a jarka da katse layukan waya a Birnin Gwari da maƙwabtanta, an yi su ne domin toshe hanyoyin da kaya ke shiga daji. Tun da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a watan Nuwamba na 2021, mai kai musu wiwi yana iya fuskantar tuhumar taimaka wa ta'addanci.

Shi kansa ganyen mafi yawansa daga Kudu yake zuwa. Binciken UNODC ya ƙiyasta cewa a 2019 an noma kimanin hekta 8,900 a jihohi shida, wato Edo da Ekiti da Ogun da Ondo da Osun da Oyo, galibi a cikin dazuzzuka. Daga can ake hauro da shi ta Lakwaja ko ta Jebba da Mokwa. Ke nan ribar noman tana Kudu, ribar dillanci tana birane, abin da ya rage wa ƙauyen Birnin Gwari shi ne mashayi da ɓarnarsa.

Sai dai akwai haɗari a cikin daidaita mashayi da ɗan bindiga. Rikicin dajin yana da tushe a satar shanu da rikicin ƙasa da zaluncin da ba a bi kadinsa ba da yaɗuwar makamai da kuɗin fansa. Kayan maye suna rura wutar, amma miliyoyin masu sha ba su taɓa riƙe bindiga ba. A wurin da 'yan sa-kai suke yanke hukunci nan take, jan ido da warin hayaƙi suna iya zama shaidar da za ta ci ran yaron da laifinsa bai wuce sha ba.

7.0 Muhawarar Halattawa

Duniya ta fara sauya matsayi. Yurugwai ta halatta tabar a 2013, Kanada a 2018. A Afirka, Lesoto ta fara ba da lasisin nomanta domin magani a 2017, Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta halatta wa baligi sha a keɓe a 2018, Maroko ta yi dokar noman magani da masana'antu a 2021, Gana ma ta amince da noman nau'in da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A watan Disamba na 2020 hukumar ƙwayoyi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire tabar daga rukunin mafiya haɗari na yarjejeniyar 1961, da ƙuri'a 27 a kan 25. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙi.

A cikin gida, marigayi Gwamna Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta kiran a halatta noman domin magani da fitarwa waje, har ya ziyarci Tailan a 2019 domin ganin tsarinsu. An gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai, amma ba su kai ga zama doka ba. Shugaban NDLEA tun 2021, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya tsaya a kan cewa ƙasar da ke da masu sha fiye da miliyan goma ba za ta buɗe wannan ƙofa ba. A watan Mayu na 2024 ma Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin hukuncin kisa ga manyan masu fatauci, abin da ke nuna inda iskar siyasa take kaɗawa.

Akwai matsayi na uku da ba a cika jin sa a Arewa ba. Hukumar Afirka ta Yamma kan ƙwayoyi, ƙarƙashin tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo, ta ba da shawara a rahotonta na 2014 cewa a riƙa ɗaukar mai sha a matsayin marar lafiya, a mayar da ƙarfin doka kan manyan dillalai. A Hausa kalmar halattawa tana ɗauke da nauyin addini, don haka duk shawarar da aka fassara da ita ta mutu tun kafin a saurare ta. Amma sassauta hukuncin mai sha daban ne da cewa abin halal ne, kuma fiƙihun Malikiyya ya riga ya san wannan bambanci ta hanyar ta'aziri. Nan aikin masana harshe da masu fassara yake, domin kalmar da aka zaɓa ita ke yanke wa muhawarar hukunci.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dokar tarayya tana da tsanani amma ta yi nisa da ƙauye, fiƙihu ya haramta amma ya bar wa alƙali sarari, al'umma kuma tana ƙyamar mashayi a zaure tana amfani da ƙarfinsa a rami da tasha da filin siyasa. Sakamakon shi ne an bar jaki ana dukan taiki: ƙaramin mashayi ne ke ɗaukar kunya da kamu, hanyar da kayan ke biyowa kuwa tana nan a buɗe.

Sulhun 2024 ya sa wannan batu ya zama na gaggawa a Birnin Gwari. Matasan da suka girma a daji, da waɗanda suka girma a gudun hijira ba makaranta ba gona, za su dawo kasuwa ɗaya da masallaci ɗaya, da yawansu ɗauke da jarabar da ajiye bindiga ba ta warkarwa. Abin da yankin yake buƙata shi ne wurin jinya a cikin masarautar, da hanyar da uba zai kai ɗansa ba tare da tsoron kurkuku ba, da sa ido na gaske a kan hanyar Tegina da ta Funtuwa. Ga masu nazarin Hausa kuma akwai fage a buɗe: tattara kalmomin mashaya da na masu wa'azi a kansu, da nazarin yadda finafinai da waƙoƙin zamani suke siffanta ɗan wiwi, da samar da kalmomin da za su bambance haramci da hukunci da jinya.